Faransancin Abbanki Bai Wuce Darasi Na Bakwai Ba

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa kin isa Lome lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin mutum da aljan da miyar da ba ki san abin da aka jefa a cikinta ba. Da gangan na cusa takardar nan ƙarƙashin ƙullin kilishi. Na san ba za ki kwana biyu ba ki kai hannu wurin ba, na kuma san kafin nan kin tsallake iyaka biyu, babu yadda za ki yi ki kalle ni ido da ido.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Wata magana ce nake riƙe da ita shekara da shekaru, mahaifiyarki kuma ta rantse in ban faɗa miki ba ita za ta faɗa. Kin kuwa san Hajiya da ba da labari, sai ta zuba gishiri ta bi shi da yaji. Gara ki ji daga bakin mai laifin. Sunan mahaifiyata kika ci, don haka ki ɗauka ɗa ne ya zo gaban uwarsa ya sunkuyar da kai.

Ummi, ban iya Faransanci ba.

Sake karantawa, ba idonki ba ne. Ni ɗin nan da ake kira Alhaji Musiye, wato Malam a bakin Faransawa, a masallacin layinmu, mai takardar shaida cikin gilashi a bangon falo, ni da kika ce saboda ni kika zaɓi karanta Faransanci a jami'a, ban iya ba. Darasi ɗaya tak na sani, na bakwai, shi nake ta juyawa shekara ashirin kamar ɗumamen tuwo.

Abin da ya sa na buɗe baki yanzu shi ne maganar da kika yi wa Hajiya ranar da kuke haɗa kaya. Kin ce mata sau biyu kina faɗuwa jarrabawar magana, alhali a rubutu babu mai kama ƙafarki, kuma in kin dawo daga Lome, inda jami'a ta tura ku goge harshe, kika sake faɗuwa za a cire ki daga sashen. Ta tambaye ki me ke hana ki magana, kika ce da zarar kin buɗe baki sai ki ga fuskata a ɗaure. Hajiya ta zo ta same ni ina shan shayi, ta ɗauke kofin daga gabana, ta ce, "Alhaji, ka ga abin da ƙaryarka ta haifa?" Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa dai ta yi, kuma a kanki suka zubo. Bari in faro miki daga tushe.

Kina goye lokacin, ni kuma ina shugaban sashe a ma'aikata. Aka ce tunda muna hulɗa da 'yan kasuwar Nijar, a koya wa manyan ma'aikata Faransanci. Aka ɗauko wata malama 'yar Damagaram, Madam Rabi, gajeriya, mai tabarau, ba ta san wasa ba. Darasi ashirin ne, Talata da Alhamis bayan azahar. Ni na sa hannu a kan jerin ɗalibai, sunana ne ma a sama.

To kin san halin babban ma'aikaci. Ɗaurin aure in ba ka da sarari, ka tura wakili. Taro, wakili. Ta'aziyya, wakili. Ranar darasin farko ina da baƙi, sai na kira akawuna, Malam Ɗanlami, wani bawan Allah mutumin Gumel, magidanci mai 'ya'ya huɗu, na ce, "Je ka wakilce ni."

Ya ce, "Yallaɓai, a ajin?"

Na ce, "A'a, a filin ƙwallo. A ajin mana! Ka zauna a kujerata, in an kira sunana ka amsa, ka rubuto mini abin da aka tattauna."

Haka kuwa aka yi. Kowace Laraba da Juma'a sai in tarar da fayil a kan teburina, Ɗanlami ya buga rahoto tsaf da tafireta: "An tattauna a kan gaisuwa. An amince cewa bonjour na nufin ina kwana. Babu wanda ya yi jayayya." Ni kuma in ɗauki jan biro in rubuta "Na gani" in sa hannu. Wallahi, Ummi, har ga Allah a lokacin gani nake karatu nake yi. Darasi shida na yi a haka, har ina gaya wa abokaina Faransanci ba shi da wuya, mutane ne ke zuzuta shi.

Ga nasihata ta farko. Akwai abubuwan da ba a tura musu wakili: cin abinci, shan magani, salla da karatu. A can za ki samu ƙawa mai zaƙin baki wadda za ta riƙa yi miki ciniki a kasuwa, ta yi wa mai babur kwatance, ta amsa wa malami a madadinki, ke kuma kina gefe kina murmushi. Ki gode mata, ki ba ta kilishi, amma ki karɓe bakinki. Ita za ta dawo da Faransanci, ke ki dawo da hotuna.

Ranar darasi na bakwai aka ce Kwamishina zai leƙo ajin. Nan fa babu zancen wakili. Na saka babbar riga na je na zauna a gaba, Ɗanlami ya koma can baya kusa da taga. Kwamishina bai zo ba, fita kuma ta gagara, sai na zauna dole. Madam Rabi ta ce yau za a koyi yadda ake faɗin abin da mutum ke shirin yi nan ba da jimawa ba. Ta ce mu Hausawa namu mai sauƙi ne, don muna da "za". Ka ɗauki kalmar tafiya ka daidaita ta da mai aikin, ka ajiye aikin a bayanta yadda yake, shi ke nan. Ta rubuta a allo: je vais manger, zan ci. Tu vas manger, za ka ci. Nous allons manger, za mu ci. Ta sa muka yi ta maimaitawa da ci, da tafiya, da barci.

Abin mamaki, sai na ji abin ya shige ni. Na ji daɗinsa ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Na dawo gida ina ta zuba wa Hajiya, da aka kawo tuwo na ɗaga hannu na ce, "Nous allons manger!" Ta ce, "Ikon Allah, Alhaji, har ka iya?" Na ce, "Wannan ai somin taɓi ne." Ashe daga somin taɓin babu ƙari. Ki tuna da kyau: tun tasowarki kin ji ni ina cewa za mu ci, zan kwanta, za mu tafi. Kin taɓa jin na ce da Faransanci na ci, ko na ƙoshi, ko mun dawo? Shekara ashirin ina shirin tafiya, ban taɓa isa ko'ina ba.

Saboda daɗin da na ji, ranar Alhamis na koma da ƙafata. Madam ta ce za a yi bita, ta dube ni ta ce, "Malam, tashi ka ce za mu tafi." A ma'aikatar nan ni ake tashi wa, ba a taɓa cewa in tashi ba. Na dai daure na miƙe, na gyara hula, na ce da ƙarfi, "Nous vais partir."

Kafin Madam ta buɗe baki, mutum goma sha biyar suka amsa baki ɗaya, "Nous vais partir!"

Ta buga allo ta ce, "Ba haka ba ne! Nous allons! Shekaranjiya fa kuka faɗa daidai. Ku sake."

Suka dube ni, suka dubi Madam, suka sake dubana. Suka ce, "Nous vais partir."

Ta cire tabarau ta ce, "Jama'a, shugabanku kuskure ya yi." Sai mataimakina ya yi gyaran murya ya ce, "Madam, da izininki. A sashen nan Yallaɓai ba ya kuskure, sai dai a ce an samu bambancin fahimta." Can baya na ji wata siririyar murya ta ce "nous allons", na waiwaya, muka haɗa ido da Ɗanlami, nan take ya ce, "Vais, Yallaɓai. Vais." Madam ta tattara littattafanta tana cewa ta koyar da yara, ta koyar da sojoji, ba ta taɓa ganin ajin da ake yi wa kuskure biyayya ba.

Ban sake komawa ba. Na ce matar ba ta da ladabi. Ɗanlami ya ci gaba da wakilci har darasi na ashirin, ya zauna jarrabawa a kujerata, ya zo na ɗaya. Takardun shaida kuwa a ofishinmu aka buga su, daga jerin sunayen nan da na sa wa hannu, shi kuma sunansa ba ya ciki tunda matsayinsa bai kai ba. Madam ta yi ƙorafi, aka ce mata ai kujerar shugaba ce ta ci jarrabawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Takardar da kike gogewa da tsumma duk ranar Asabar tun kina firamare, ta Ɗanlami ce.

Don haka, Ummi, duk wanda ya ce miki "ba haka ba ne", ki riƙe shi hannu bibbiyu, ko da mai sayar da gasasshiyar ayaba ce a bakin titi. Wanda za ki ji tsoro shi ne mai maimaita kuskurenki yana gyaɗa kai. Mutum goma sha biyar suka girmama ni rannan, girmamawar da ta bar ni jahili har na yi furfura. Mace ɗaya ce ta so ni da alheri, ita kuma na ce ba ta da ladabi.

Za ki ce to yaya asirina bai tonu ba? Ya so tonuwa. Bayan wata biyu aka ce baƙi na zuwa daga Maraɗi, kuma tunda ni na zo na ɗaya, ni zan tarbe su. Kwana uku ina bitar darasi na bakwai. Suka iso, manyan mutane da rawuna, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Nous allons manger." Ƙarfe goma na safe fa, ko ruwa ba a kawo ba. Babbansu ya yi murmushi ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, muna lahiya? Ka bar wahal da kanka, mu yi Hausa." Muka yi Hausa har la'asar, tasu ma ta fi tawa tsabta. Da suka tafi aka yi ta yaɗawa a ma'aikata cewa na tarbi baƙi da Faransanci har sun ji kunya sun koma Hausa. Daga nan sunan Musiye ya bi ni gida. Da na sha kunya rannan, da na koma aji. Tsirar da na yi ita ta cuce ni, don haka in kin tsallake wani abu da sa'a kada ki ɗauka iyawa ce.

Sai maganar motar Alhaji Bala maƙwabcinmu. Kina ƙarama, amma ƙila kin tuna wata koriyar mota da ta shekara a ƙofar gidansa kaji na kwana a ƙarƙashinta. Daga Kwatano ya sayo ta, duk rubutun da ke fitowa a gaban direba da Faransanci yake. Wata rana an idar da sallar la'asar ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Musiye, zo ka duba mini, wani jan rubutu ke ta fitowa." Jama'a suka biyo mu, har da Liman. Na saka tabarau, na sunkuya, na ƙura wa rubutun ido. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Na duba ko zan ga ci, ko barci, ko tafiya, babu. Na ɗago na ce, "Cewa take za ta tafi."

Ya ce, "Za ta tafi ina?"

Na ce, "Duk inda ka nufa. Motocinsu haka suke, akwai ladabi. Sanar da kai take a shirye take."

Ya ce, "To me ya sa da ja?"

Na ce, "Su a wurinsu ja alamar murna ce."

Liman ya ce, "Masha Allah, ilimi kogi ne." Aka watse ana sa mini albarka. Ashe baiwar Allah motar nan kuka take, baƙin mai ya ƙare mata. Ranar Asabar Alhaji Bala ya ɗebi mata shida 'yan kai amarya zuwa Dutse, suna wuce Wudil inji ya buga. Suka yini a gindin bishiya da kwallayen alkaki da dubulan, har wata gwaggon amarya ta ce ai sai a buɗe gara a ci tunda abin ya zama haka. Wani makanike da ya taɓa zama a Damagaram ne ya karanta masa rubutun. Da Alhaji Bala ya dawo ya same ni, na ce, "Alhaji, Faransancin Kwatano daban, na Faris daban. Ni na Faris na yi." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Allah ya kyauta." Na ɗauka na sha.

Malamanmu sun ce faɗin "ban sani ba" rabin ilimi ne. Ni na ƙi rabin, na rasa dukan. Ki koyi yadda ake cewa "ban gane ba, a maimaita mini" tun kafin ki koyi sunan unguwar da kike. Ki faɗe shi sau goma a yini in ta kama, babu wanda aka taɓa kaiwa asibiti don ya faɗe shi.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi. Da kika shiga sakandare kika fara kawo mini aikin gida, kina cewa, "Abba, duba mini." Kin tuna amsata? "Je ki yi da kanki, haka ake koyon ilimi." Kika ɗauka tarbiyya ce, har kina yi wa ƙawayenki alfahari cewa babanki ba ya sangarta yaro. Gudu nake, Ummi. In kin yi mini magana da Faransanci a wurin cin abinci, sai in ɗaure fuska in ce "hmm", in cika bakina da tuwo don kada a ce in amsa. Rabin tumbin nan nawa tsoronki ne ya tara shi.

Sai ranar walimar ritayata, a farfajiyar gida, ƙarƙashin mangwaro. Kina shekarar farko a jami'a. Aka gama addu'a, kika miƙe cikin shuɗin leshi, babu takarda a hannunki, kika ce za ki yi wa Abba magana da harshen da ya fi so. Kika yi ta zubawa kina kallona, wajen minti biyar, a wani wurin muryarki ta yi rawa har kika share ido. Da kika gama, duk taron ya juyo gare ni, wani ya ce, "Musiye, a fassara mana!" Gumi ya jiƙa mini hula. Sai na yi borin kunya, na ɗaure fuskar nan tawa na ce, "To, ba laifi. Sai dai a ƙara kula da lafazi."

Na ga yadda fuskarki ta yi. Kika ce, "To, Abba," kika zauna. Daga rannan ban sake jin kalmar Faransanci ɗaya daga bakinki a gidan nan ba, ni kuwa don rashin hankali har daɗi na ji, na ce na huta. Ban san shirun ya bi ki har aji ba. Ban san ni ne nake tsaye a bayan malaman nan masu yi miki jarrabawa ba. Wallahi da Hajiya ta faɗa mini, kuka na yi, na tsofai, wanda ba ya da sauti sai majina. Lafazinki ba shi da laifin komai. Ko da yana da shi, ina na san shi? Mutumin da ya ce wa mota tana murna shi zai gyara miki lafazi?

Washegarin ranar da Hajiya ta faɗa mini, bayan sallar azahar, na ja Alhaji Bala gefe na ce ina da maganar da zan faɗa masa game da koriyar motar nan. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Alhaji, ni fa ban iya Faransanci ba." Ya kwashe da dariya har da riƙe bango. Ya ce, "Haba Musiye, sai yau? Ai tun ranar Wudil muka sani. Kai a zatonka sunan nan na girmamawa ne?" Ya ƙwala wa Liman kira ya ce, "Malam, zo ka ji, Musiye ya tuba!" Liman ya ce, "Alhamdu lillahi, dama muna ta yi masa addu'a." Ashe duk layin nan, har mai gadi da mai ba fulawa ruwa, kowa ya sani, lallaɓa ni kawai ake. Hajiya ma ta ce tun shekarar farko ta gane, da ta ga kullum za mu ci ne, ba a taɓa cewa an gode wa mai girki ba. Duk faɗin unguwarmu ta Nassarawa mutum ɗaya ne ya yarda da ni da zuciya ɗaya, ita ce kuma na cuta.

Ana jibi za ki tafi, ba ki lura bangon falo ya yi fari a wuri ɗaya ba? Na sauke takardar, na sa ta a mota, na ja da kaina zuwa unguwar Kawaji, don na sa an bincika mini inda Ɗanlami yake. Ya daɗe da barin aikin gwamnati. Da Faransancin da ya koya a kujerata ya zama tafintan 'yan kasuwa masu zuwa Kwatano da Yamai, ya gina gidansa, ya aurar da 'ya'yansa, gemunsa ya yi fari fat. Yana ganina ya zabura zai durƙusa, na riga shi kaiwa ƙasa, muka yi ta kokawar durƙuso a ƙofar gida mutane na kallo. Na miƙa masa takardar na ce, "Malam Ɗanlami, kayanka ne, ka yafe mini."

Ya juya ta, ya karanta, ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai sunanka ne a jiki, me zan yi da ita? Ni na ɗauki karatun, kai ka ɗauki gilashin, kowa ya samu rabonsa." Na ce duk da haka ya yafe. Ya ce ya yafe duniya da lahira, amma da sharaɗi ɗaya. Yana koyar da wasu 'yan Kantin Kwari Faransanci a zaurensa duk Asabar da safe, in zo in zauna. Na ce daga darasi na takwas zan ci gaba. Ya ce, "Daga na ɗaya, Yallaɓai. Shidan farko ai ni na yi."

Na je, Ummi. Ranar Asabar ɗin da kike gidan kitso, ni ina Kawaji a kan tabarma da littafi mai layi-layi. Da zan fita Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, ko in kira direba ya wakilce ka?" Ban kula ta ba. Mu bakwai ne, sauran duk na haife su. Ɗanlami ya ce in tashi in faɗi sunana da garinmu, na miƙe da ƙyar ina dafa bango, na faɗa. Wani mai sayar da atamfa ya ce da ƙarfi, "Baba, ba haka ba ne!" Suka yi dariya. Na tsaya ina jiran ƙasa ta tsage in shige, ba ta tsage ba. Na sake faɗa, ya sake gyarawa, a karo na uku na dace, suka tafa mini. Abin da na shekara ashirin ina gudu ke nan, bai fi cizon sauro ba. Gemu ba ya hana ilimi, girman kai ne ke hanawa, shi kuwa rawanin tsiya ne, na naɗa na gani.

To ga abin da nake roƙonki, ba umarni ba ne, don na zubar da ikon yin umarni a wannan fanni. Ki buɗe baki. Ki yi kuskure a kasuwa, ki yi a aji, ki yi a gaban malamin da kika fi jin tsoro. In fuskata ta zo miki a ɗaure, ki tuna fuskar mutumin da bai gane komai ba ce, yana addu'ar kada a tambaye shi. Ki yi mata dariya ki ci gaba da maganarki. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ki kira ni, ki yi mini Faransanci, zan buɗe muryar wayar a gaban Hajiya. In na yi kuskure ki ce, "Abba, ba haka ba ne." Kada ki tausaya mini, Hajiya ma ta ce ita za ta riƙa ƙirgawa.

Abu na ƙarshe. Maganar nan da kika yi ranar walima tana cikin wayar Hajiya, ta ɗauka. Na sa ta tura mini, ina kallo kullum bayan sallar asuba. Zuwa yanzu na tsinci kalma biyu, papa da merci, wato baba da na gode, kuma sau huɗu kika faɗi ta biyun. Na nuna wa Malam Ɗanlami farkonta, ya saurara kaɗan, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Yallaɓai, wannan yarinya ta fi ni. In fassara maka?" Na karɓe wayata na ce a'a. Ke ma kada ki fassara mini, ko na roƙe ki. 'Yata ta tsaya a gaban jama'a ta yi mini magana, ni zan ji ta da kunnena, ko zai ɗauke ni shekara biyar. Na daina tura wakili.

Allah ya tsare mini ke, ya buɗe ƙirjinki, ya warware harshenki, ya ba ki sa'ar jarrabawa. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙe azkar na safe da yamma, ki kula da mutuncinki. Allah ya dawo mana da ke lafiya, ya sa in kin dawo ki same ni da rai, na kai inda zan amsa miki. Ki yafe wa ɗanki. Hajiya tana gaishe ki, ta ce kilishin na wata biyu ne, ba na mako ɗaya ba.

Wassalam.

Naki,
Abba, ɗan aji ɗaya a Kawaji.